Wanda Ya Dama Basan Na Uku

An rufe Basiratu da hantsi, cikin azumi. Shekararta huɗu. Kafin dattawa su dawo daga maƙabarta, samarin Tungar Gao sun riga sun kama Tahiru, sun ɗaure masa hannu da igiyar jaki, sun zaunar da shi a zauren mai gari.

Ba ita kaɗai ta kwanta ba. Zawo da amai sun bi gida-gida, kuma ko'ina labarin ɗaya ne: an yi buɗa baki da salatin lambun mata. Manya sun sha wuya sun tashi. Wasu yara an kai su Filinge an yi masu ƙarin ruwa. Basiratu a hanya ta cika, bisa amalanke, kanta a cinyar ubanta Hafizu.

Lambun kuwa daga tashar tace ƙazamin ruwa yake shan ruwa. Wani furoje ne, shirin raya karkara, ya gina tashar a bayan gari, ya kewaye ta da waya. Motoci suna kawo ƙazantar masai da ruwan mayanka daga birni su zube. Ruwan sai ya bi manyan ramuka uku da muke ce wa basan. A na farko baƙi ne mai ɗoyi. A na biyu ya fara sakin jiki. A na uku laka ta kwanta ƙasa, ruwa ya yi haske a sama. Daga nan ya gangara wani kwamin siminti, inda Tahiru ke zuba zabel, farin maganin nan mai hawa hanci, don ya kashe ƙwayoyin cutar da suka rage. Sannan ya buɗe wa lambu famfo.

Tahiru baƙo ne, mutumin Bankuku, ba shi da kowa a garin. Magana ta yaɗu tun a wurin wanka gawa cewa sayar da maganin yake yi, yana sakar wa mata ruwa tsurarsa. Wani ya ce ya gan shi da duron maganin a bayan moto, babur ɗinsa. Wannan ya isa.

Mai gari Yazid ya kira jandarma a waya. Suka ce motarsu tana daji, sai gobe bayan azahar. Ya dubi samarin da ke ƙofar zaure da sanduna, ya san goben nan da nisa. Hafizu yana gabansu, idonsa ja. Tsoho Albarka, mahaifin Hafizu, wanda gidansu ke riƙe da tabkin gari tun kakanni, shi ne ya ɗaga hannu ya ce kada a taɓa yaron, a bar hukuma ta yi aikinta. Ya ce shi ma yana son ya ga an tafi da shi, amma da ƙafarsa.

Sai mai gari ya aika a kira Magagi Ɗandije.

Magagi mai bin sawu ne. Shanun sata yake bi, wani lokaci har Baleyara, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya nuna saniya ya ce wannan ce. Gajere ne, yana tafiya kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Da aka faɗa masa aikin, sai ya ce shi bai san magani ba. Mai gari ya ce ba magani za shi bi ba, duro za shi bi. In Tahiru ya sayar, a samo wanda ya saya, a miƙa wa jandarma magana cikakkiya. In bai sayar ba, to a sani kafin gobe.

*

Magagi ya fara da wanda ake zargi. Ya tsuguna gabansa a cikin zaure, ya dubi tafin ƙafarsa kafin ya dubi fuskarsa.

Tahiru ya rantse bai taɓa tsallake safiya ɗaya ba. Gwangwani biyu aka ce ya zuba, gwangwani biyu yake zubawa. Ya ce abu ɗaya ne ya sake: tun kafin azumi ruwan basan na uku ya daina haske, ya koma kamar kunun kanwa. Ya kira birni ya faɗa, aka ce ƙila zafi ne, ya ci gaba har a turo wani. Ya ci gaba.

"Duron hwa?" in ji Magagi.

Tahiru ya sunkuyar da kai.

"Wohi ne. Babu komi ciki."

"Ina ka kai shi?"

Tahiru ya ƙi faɗa. Magagi bai sake tambaya ba. Ya miƙe, ya ce ba laifi, moto ba ta tashi sama.

Sawun tayar ya fita daga ƙofar tasha, ya kauce wa babbar hanya, ya bi bayan gidaje ta wajen masussuka. Iska ta shafe wani wuri, awaki sun tattake wani, amma tayar baya tana da faci, kuma facin yana barin tabo kamar ɗan yatsa. Magagi ya bi tabon har bayan dangar Jamila, bazawarar da ke soya ƙosai. Duron yana tsakar gida, shuɗi, an wanke shi tas, cike da ruwan famfo. Akwai wani a kusa da shi, an shuka masa yakuwa.

Jamila ta fito tana gyara lulluɓi. Ta ce eh, shi ya kawo mata, kuma wofi ya kawo, ta sha wahalar fidda warin. Ta ce ya yi maganar zai turo magabatansa bayan salla, shi ya sa bai so a ji sunanta a zaure.

"Za a ɗaure shi a kan kunya ke nan," in ji Magagi.

"Kawu, ni na ce mai shi hwaɗi. Ba shi jin magana."

Ya koma ya faɗa wa mai gari. Samarin ƙofa suka ce duro wofi ba ya wanke mutum, ai sai an sayar da abin ciki duro ke zama wofi. Magagi bai musa ba. Gaskiyarsu ce.

*

Da la'asar ya shiga tashar. Ya tarar da wata mace a bakin kwamin siminti, da farar riga bisa zanenta, tana riƙe da ƴar kwalba. Latifa ce, ma'aikaciyar tsabta daga Filinge. Ita ta rufe famfon lambu tun ranar da yara suka fara kwanciya, ta ɗebi ruwa ta aika Yamai a auna.

Ta gaishe shi da Baba, ya amsa da Madam. Ta nuna masa kwalbar. Ta ce ta jefa ƙwaya ɗaya a cikin ruwan kwamin, in babu zabel ruwan ba zai sake launi ba. Ruwan ya yi ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka. Ta ce ranar farko ma haka ya yi. Akwai magani a ruwan, ba mai yawa ba, amma akwai. Ɗakin ajiya ma ta duba, abin da ya rage ya yi daidai da mutumin da ke zubawa kullum.

"To an gama," in ji Magagi. "Ki hwaɗa masu."

Ta ce ta faɗa, wani saurayi ya ce ma'aikaci ba ya tona ma'aikaci. Kuma akwai abin da ya fi wannan damunta. Ɗazu aka kira ta daga Yamai. Ruwan da ta aika cike yake da ƙwayoyin cuta, rayayyu, duk da maganin.

Magagi ya tambaya yadda abu zai sha guba ya rayu.

Ta ɗebo ruwan basan na uku a wata kwalba ta ɗaga wa rana. Ƙananan dunƙule-dunƙule na yawo a ciki, baƙaƙe da kore. Ta ce zabel a ruwa mai haske yake aiki. In laka ta shiga, ita ke shanye rabin ƙarfinsa. Sauran kuma ba ya ratsa dunƙulen. Ƙwayoyin suna shiga ciki su lulluɓe da yauƙi, maganin ya ƙone na waje, na ciki su wuce lafiya har bisa ganyen salati. Ta ce lakar da ke ƙasan basan ɗin ta shekaru ce, duk mugun abin da ya shigo tashar a nan ya kwanta. Aikin basan na uku shi ne ya bar ta a kwance.

"Baba, wani abu na dama ruwan ga. Na duba bututu, na duba bango, babu inda ya fashe. Ni iyakata ke nan. Ban san mi ke taɓa ƙasa ba."

Magagi ya ce shi ma bai sani ba, amma abin da ya isa ruwa sai ya bi ta tudu.

Ya zaga wayar a hankali. Ƙofa sawun Tahiru ne da na motoci da na samarin da suka shigo da safe suka lalata komi. Gabas babu komi sai gafiya. A kusurwar yamma, inda wayar ta haɗa da wata tsohuwar tsamiya, ya tsaya. Ƙafar mace, tsohuwa, ba takalmi, babban yatsan dama ya karkace. Ta zo sau da yawa. A gindin tsamiyar akwai busasshen farin abu da aka kwarara, da ƴan gashin kaza.

Ya san ƙafar. Duk garin an san ta.

*

Tambara tana zaune a ƙarshen gari, ita da kajinta. Tana cikin ƴan tsirarun da ba su bar abin kakanni ba, kuma a gidanta ake kaɗa goge in iska sun hau wani. Tun safe wasu ke raɗa sunanta. Sun ce ta yi faɗa lokacin da aka kewaye tsamiyar, ta ce za a gani.

Magagi taubashinta ne, don haka bai yi sallama mai tsawo ba.

"Tsohuwa, an ce kin ci yarinya."

"Da ina cin mutane da kai na fara, gajere, ba ka da wuyar haɗiya."

Ta ba shi tabarma. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce ita ta yanke wa Basiratu cibi, kuma yau ba a bar ta ta shiga gidan gaisuwa ba. Ta ce tana zuwa tsamiyar, ba ta ɓoye ba, farau-farau take zubawa daga wajen waya, ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba. Ya ce ya gani, sawunta bai ƙetare ba.

Ya tambaye ta abin da take gani in ta je. Ta ce da sanyin asuba take zuwa, kafin yaron tasha ya fito. Ta ce tun da tabkin gari ya ƙafe, ruwan can na ƙarshe ya sake hali. Yana motsi ba iska. Yana kumfa kamar tukunyar da ta kusa tafasa. Kuma akwai jan ciki a bakin ruwan, kamar na maciji. Masu raɗa sun ce nata ne, ita ta aiko shi.

"Naki ne?"

"Na gidanmu ba su shiga kashi," in ji ta. "Je ka duba da kanka, ai kai aka ba ido."

*

Ya yi sahur, ya yi salla, ya kama hanya. Gari na fara fari ya ɗaga waya ya shiga ta wajen tsamiya. Ya zauna a bakin basan na uku bai motsa ba.

Ruwan kore ne, da gansakuka a sama. Can sai wani wuri ya ɗago ya koma. Sai wani. Jiya a zaure Tahiru ya ce yana ganin irin wannan kumfa da rana, ya ɗauka iskar ruɓa ce kamar ta basan na farko. Magagi bai yanke komi ba. Ya jira haske ya kwanta bisa yashi a gicciye, lokacin da sawu ke da inuwa.

Jan cikin yana gefen arewa, inda ruwa ke tsatsafowa yashi ya jiƙe. Ya fito daga ruwa, ya yi ƴar tafiya, ya juya ya koma. Magagi ya durƙusa. Maciji in ya wuce yakan bar layi mai santsi, yana lanƙwasa, gefensa a ture. Wannan a karye yake, tsalle-tsalle. Kuma hagu da dama, bi da bi, akwai ƴan ramuka kamar an caka tsinke. Ya sa yatsa a tsakiyar layin ya shafo. Yauƙi. Ya sansana.

Ya taɓa ganin wannan yana yaro, a bakin tabki, ƙarshen damina. Tarwaɗa ce. Da ƙayoyin gefenta take dogarawa in ta fito tudu.

Tarwaɗa ba ta faɗowa daga sama. Ya tashi ya bi gefen arewa, inda jiya bai tsananta ba saboda ƙasar tsakuwa ce. A ƙarƙashin wata sabara wayar ta ɗago kamar tsawon gwiwa, an sa dutse an mayar. Daga nan zuwa bakin ruwa tururuwa sun ja layi, kowace da ɗan farin abu a baki. Dusar gero. Bayan waya, inda tsakuwa ta ƙare, jaki ya tsaya ya yi kashi, ba sau ɗaya ba. Ƙafarsa ta baya ta hagu tana shara waje. Sawun ƙarshe ya kai kwana uku, watau mai jakin ya daina zuwa ne tun da yarinya ta kwanta.

Ya bi. Sawun ya ratsa gonaki, ya gangara tabkin gari, wanda yanzu ba komi cikinsa sai tsagaggen taɓo. Daga nan ya hau gari ta hanyar rijiyar da. Ya tsaya a bayan wata danga. Jakin yana ɗaure a turke, yana tsaye da ƙafar hagu a waje. Kusa da shi ƙwarya ce da sauran dusa. Daga cikin gidan ana jin mata masu zaman makoki.

Gidan Albarka ne.

Magagi ya daɗe a tsaye. Bai yi sallama ba.

*

Mai gari ya saurare shi a ɗakin ciki, ya rufe ido. Shi ma ya san al'adar. Duk shekarar da tabki zai ƙafe, mai tabki kan kwashe ƴan tarwaɗa na ƙarshe ya zuba su a tsohuwar rijiya su yi rani, in ruwa ya sauka ya mayar da su, don kada irin kifin garin ya ɓace. Uban Albarka ya yi, kakansa ya yi. Mutane ma suna so, suna cewa rijiyar da ke da tarwaɗa ba ta tsutsa. Bara ne aka rufe bakin rijiyar da siminti aka kafa mata famfo.

Mai gari ya ce a nuna kifin kawai, kada a tambayi wanda ya zuba. Tsohon ya rufe jikarsa jiya.

Magagi ya ce ya yi wannan tunanin tun daga bayan danga. Amma in aka ga kifi ba mai shi, za a ce Tahiru ne ke kiwo don ya sayar. Mabuɗi a hannunsa yake.

"Ranka shi daɗe, mota na tahowa bayan azahar. Wani za ta ɗauka."

Mai gari ya aika a tara mutane a tasha.

*

Suka taru a bakin basan na uku, rana a ka, kowa bakinsa a bushe. Aka kawo Tahiru da igiyarsa. Tambara ta zo ta tsaya ita kaɗai, aka bar mata fili kamar mai ƙyanda. Jamila tana bayan mata. Hafizu da samarinsa. Albarka ya zo a hankali da sanda, aka shimfiɗa masa buhu.

Magagi ba mai jawabi ba ne. Ya ce duron Tahiru wofi ne, ya gan shi. Ya ce ƙafar Tambara ba ta ƙetare waya ba. Wani ya ce iska ba su bukatar ƙafa. Bai kula ba. Ya kwance bakin wani ƙunshi, ya ɗebi dusa cike da hannu biyu, ya watsa a ruwa.

Ba a daɗe ba. Ruwan ya yamutse. Baƙaƙen kawuna masu gashin baki suka ɓullo, suna ture juna, suna bugun ruwa da wutsiya. Daga ƙasa laka ta taso baƙa ƙirin, ta bazu kamar hayaƙi, ɗoyi ya bugi mutane. Mata suka ja baya suna salati.

"Ga masu dama ruwan," in ji Magagi.

Wani saurayi ya nuna Tahiru ya ce ashe har kiwo yake yi. Hafizu ya ɗaga sanda.

"Aje ta," in ji Albarka daga inda yake zaune. "Kifi nawa ne."

Ya faɗa ba tare da wata damuwa ba, kamar mai cewa akuyar da ta shiga gona tasa ce. Ya ce tabki ya ƙafe, rijiya an toshe, ya rasa inda za shi kai su. Duk ƙasar nan ba buɗaɗɗen ruwa sai wannan. Ya kawo su a bido, jarkar ruwa, bisa jaki, ƴan ƙanana, yana zuwa yana ba su dusa. Ya ɓoye ne don an hana shiga, kuma in tara ce zai biya. Amma wannan ba shi ne maganar da ta tara mutane ba. Maganar ita ce yaron ga bai sa magani ba.

"Kifi gyara ruwa shi kai," ya ce. "Tun muna yara muke sha bisa kansu."

Magagi ya dubi Latifa. Ta zo ta durƙusa gaban tsohon yadda ake durƙusa wa uba, da kwalba biyu a hannu, ɗaya ruwa mai haske, ɗaya na basan. Ta yi masa bayanin da ta yi wa Magagi, a hankali, da ƙaramar murya. Ta ce a rijiya gaskiyarsa ce, ƙasan rijiya yashi ne mai tsabta. Nan kuwa ƙasan kashin birni ne na shekaru. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, dare da rana tana tona. Abin da ta tono shi ya shanye maganin, shi ya ɓoye ƙwayoyin, shi ya bi famfo.

Albarka ya karɓi kwalbar ta biyu. Ya ɗaga ta kusa da idonsa. Dunƙulen na juyawa a ciki.

"Ɗiyata, yaron ya sa maganin?"

"Ya sa, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

"Da ban kawo su ba, da ya kashe abin?"

Latifa ta dubi ƙasa. Ta ce akwai laifin waɗanda aka kira a waya ba su zo ba, har da ofishinsu, kuma za ta faɗa a can. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

"Da ya kashe," ta ce.

Tsohon ya aje kwalbar a ƙasa da hankali, don kada ta zube. Ya ce shi ya tsinko wa Basiratu salatin da hannunsa daga fangalin uwarta, don ta ce ita ma tana azumi, za ta yi buɗa baki da manya. Sandar Hafizu ta faɗi, bai san ta faɗi ba.

Mai gari da kansa ya kwance Tahiru. Igiyar ta ci fata, sai da ya sa haƙori a ƙullin.

*

Motar jandarma ta zo bayan azahar kamar yadda suka ce. Babbansu ya sauko, aka ba shi kujera a ƙofar zaure, mai gari ya faɗa masa komi. Ya ce maganar tasha za ta bi ta hannun hukumar tsabta, wannan ba makawa. Amma a waya an ce masa akwai mai ƙara, uban yarinya, kuma akwai wanda za a tafi da shi.

Albarka ya riga ya iso da ƴar butarsa da bargo a kafaɗa. Ya nufi motar. Hafizu ya sha gabansa, ya karɓe bargon.

"Ba ni da ƙara," ya ce wa jandarman. "Ɗiyata ce. Kwananta ne ya ƙare. Allah ya ba ni, ya amshe."

Dattawa suka gyaɗa kai, wasu suka ce Allah shi yi albarka. Jandarman ya dubi tsohon, ya dubi mai gari, ya rufe bakin alƙalaminsa.

Tahiru yana tsaye a gefe yana murza wuyan hannu. Sai ya matso har gaban Hafizu. Bai ɗaga murya ba.

"Jiya ma ɗiyarka ce. Jiya ma Allah ne ya amshe."



Tahiru ya ciro mabuɗan tasha daga aljihu ya aje a tabarma gaban mai gari. Mai gari ya ce ya yi haƙuri ya zauna, ko ya bari a sha ruwa tare, gari zai ba shi haƙuri a gaban kowa. Tahiru ya ce ya gode. Ya tambayi jandarman ko motar za ta koma Filinge, ko akwai wuri a baya. Jandarman ya ce akwai.

Ya hau da ƙafarsa, ba igiya. Jamila ta fito daga cikin mata ta tsaya a bakin hanya. Ya ce mata magabatansa za su zo bayan salla kamar yadda ya faɗa, amma a Bankuku za su zauna. Mota ta tashi.